Girkin Injiniya

Duk unguwar Injiniya ake ce masa, ko da yake bai taɓa zama a ajin injiniyoyi ba. Bakanike ne, yana da gareji a bakin babban titi, tsakanin mai faci da shagon sayar da batir. Mota in ta shigo tana tari, kafin mai ita ya gama bayani ya riga ya san inda ciwon yake. Amma a gidansa akwai ɗaki guda da bai san kansa ba, wato kicin. Tun da ya yi aure iyakarsa bakin ƙofa. Ya leƙa ya ce ƙamshi ya hana shi sakat, a ce masa ya je ya wanke hannu.

Mai korar tasa kuwa matarsa ce, Malama, wadda ta shafe shekaru tana koyar da 'yan aji uku a makarantar firamare. Mace ce mai tsari da kaifin baki, ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce. 'Ya'yansu duk sun tashi, wasu aure wasu aiki. Auta ce ta ƙarshen fita, tana karatu a wani gari mai nisa. Gida ya rage daga shi sai ita, sai faɗansu na kullum a kan tawul ɗin da yake ɓatawa da baƙin mai.

A haka wata rana Malama ta ji ƙullutu a mamanta na hagu. Aka yi gwaje-gwaje, likita ya zaunar da su ya ce sankara ce, amma an gan ta da wuri. Aka yi aiki, wurin ya warke, sannan aka ce saura magani mai ƙarfi da za a riƙa ɗura mata ta jijiya, a huta 'yan makonni a sake, har a gama. Kemo ma'aikatan asibitin ke ce masa. Injiniya ya saurari bayanin da kyau, ya ce wa likita ya gane sarai, kamar wanke tanki ne bayan an kwashe datti. Malama ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, ta ce ita ba tanki ba ce.

Zubewar gashi ba ta dame ta can ba, ta ce an hutar da ita zaman kitso. Abinci ne ya zama yaƙi. Tun bayan ɗurin farko, duk abin da ta sa a baki sai ta ce ƙarfe-ƙarfe yake, kamar tana tsotsar makulli. Ƙamshin suyar albasa, wanda da can shi ne alamar ta dawo gida, yanzu daga nesa yake tayar mata da zuciya. Ruwa ma ta ce ɗaci yake mata.

'Yan uwa da maƙwabta da iyayen yaran makaranta kuwa suka tashi haiƙan da girki. Teburin falo ya cika da kuloli, ja da shuɗi da mai furanni, kowa ya zuba mai da yaji iya ƙaunarsa. Da an buɗe ɗaya tururi ya tashi, sai Malama ta toshe hanci ta shige ɗaki.

Ko da ma tana so, da ba a bar ta ba, domin yayarta ta riga ta tattaro kaya ta tare a ɗakin Auta don jinya. Kowa Yaya yake ce mata, har shi Injiniyan. Ita ta riƙe Malama tun rasuwar mahaifiyarsu, saboda haka maganarta a gidan ba a ɗaga ta. Ta zo da tarin hani da ta tsinto a waya da bakin mutane: ban da ƙwai, ban da madara, ban da nama da kifi, ban da duk wani abu mai zaƙi ko da ayaba ce, wai duk ciwon suke ciyarwa. Abin da ya rage shi ne dafaffen ganye ba mai ba gishiri, da wani koren ruwa mai ɗaci da take tacewa kowace safiya. Takan zauna gaban ƙanwarta da kwano, ta ƙura mata ido, tana lallashi a ƙara loma ɗaya, ɗaya tak. Malama ta haɗiye don kunya, ta tashi ta je ta amayar.

Kulolin kuwa dole a mayar wa masu su a wanke, a ce an ci an gode. Zubar da abinci kuma Injiniya bai iya ba. Sai ya zauna ya yi abin da ya ga ya dace: ya ci na wannan, ya bi da na waccan, abin da ya gagare shi ya kai gareji. Ba a jima ba bel ɗinsa ya nemi sabuwar huda. Mai faci ya fara tambayarsa ko a ɗan rage masa iska, don ya ga ta yi yawa.

Ranar da suka koma asibiti don wani ɗurin, aka ɗora Malama a sikeli, aka ɗebi jininta, suka zauna jira. Da likita ya kira su ya ce yau ba za a yi ba. Nauyinta ya faɗi da yawa, jininta ma ya yi ƙasa, jikin ba zai ɗauka ba, sai an ɗaga zuwa wani makon. Injiniya ya juya ya dube ta yana jiran ta yi magana, ko ta ce sikelin ne bai da saiti. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. A duk tsawon ciwon nan, shirun nan ne ya fi ba shi tsoro.

Aka tura su wani ƙaramin ofis a ƙarshen baranda, wurin likitar abinci. Matashiya ce mai gilashi, ba za ta wuce sa'ar babbar 'yarsu ba. Ta tambayi Malama abin da ta ci jiya, Malama ta ce ganye, shi ma bai zauna ba. Sai ta juya wurinsa.

"Baba, kai fa me ka ci jiya?"

Ya ɗauka tambayar tana cikin aikin, sai ya fara lissafi tsakaninsa da Allah, tun daga shinkafa da kazar safe har taliyar da ya rufe da ita. Likitar ta ajiye biro.

"To, yanzu na ga inda nauyin Mama ya koma," in ji ta.

Malama ta yi ɗan murmushi, na farko a ranar.

Daga nan likitar ta yi musu bayani a nitse. Ta ce maganin yana rushe ciwo, amma yana haɗawa da lafiyayyen wuri, jiki kuma ba zai gyara ɓarnar ba sai an ba shi kayan aiki: ƙwai, kifi, nama, wake, madara, gyaɗa. Ta ce horon yunwa marar lafiya yake kayarwa, ba ciwon ba. A bar cika faranti, a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan a kai a kai, kada a jira sai ta ce tana so. Abinci in ya huce warinsa yakan ragu. Ta gwada cokalin roba saboda ɗanɗanon ƙarfen, a ɗan matsa lemun tsami in bakinta ba ciwo. Komai a dafa shi ya nuna sosai, a wanke kayan marmari, mai girki ya wanke hannu, domin garkuwar jikinta ta yi rauni. Koren ruwan nan kuma a dakata da shi sai likita ya gani, kada ya yi karo da maganin. A ƙarshe ta ce kada a tsare ta da ido in tana ci.

"Wa ke girki a gidan?" ta tambaya.

Suka ce yayarta.

"To wa zai faɗa wa Yaya wannan bayanin?"

Injiniya ya dubi Malama, Malama ta dubi bango.

A hanya ya yi ta juya maganar a ransa. Tunkarar Yaya gaba da gaba ba abin da zai iya ba ne, ya san da ya buɗe baki za ta tuna masa ranar da ya zo neman aure da takalmi a yage. Sai ya bi ta bayan gida. Da suka isa ya shaida mata likita ta ga cikinsa ta yi faɗa, ta ce ya bar abincin mutane, ya riƙa cin marar maiƙo, kuma ba ya son ya ƙara mata wahala, shi zai riƙa dafa abinsa. Yaya ta kalle shi sama da ƙasa ta ce lallai likitar nan ta san aikinta. Game da koren ruwan kuwa Malama ce ta yi dabara, ta ce an hana ta shan komai da safe sai ƙwayoyin asibiti.

Washegari ya ɗauki ƙaramin murhun gas ya kai bayan gida, kusa da tankin ruwa, inda iska za ta kwashe warin ba zai shiga ɗaki ba. Ya sa buroshi da sabulu ya dirji hannunsa har fata ta yi ja. Ya yanke farce. Da ya zo wucewa Malama ta kama hannun ta jujjuya, ta ce ashe dama haka launinsa yake, ita tun aurensu ba ta taɓa gani ba.

Girkin farko bai yi kyan gani ba. Ya ɗora ƙwai ya tafi amsa waya, ruwan ya ƙone, ƙwan ya fashe kamar an harba bindiga. Shinkafa kuwa ya yi ta juya ta da ludayi har ta zama abin da za a iya yin yaɓe da shi. Tagar ɗakinsu tana kallon wurin, Malama tana kwance tana jin ƙarar tukwane. Ta daure ranar farko. Rana ta biyu ta kasa. Ta ja kujera bakin taga, ta ɗaga labule.

"Rage wutar nan, ba walda kake yi ba."

Ya rage.

"Kuma ka bar buɗe tukunya kowane minti. Ba guduwa za ta yi ba."

Haka aka buɗe makaranta ta taga. Tana daga ciki inda wari ba ya kai mata, yana daga waje da tsumma a kafaɗa, tana faɗa yana yi. Ta koya masa cewa albasa sai ta yi laushi kafin a zuba tumatir, kifi kuma ba a jujjuya shi kamar taya. Ya lura muryarta takan dawo in tana gyara masa kuskure, saboda haka wani lokaci da gangan yake ɗaukar sukari a maimakon gishiri.

Sai dai ci bai samu ba tukuna. In Yaya ta shiga wanka ko ta fita sayen ganye, yakan lallaɓo da ɗan faranti ya ajiye wa Malama, ya tsugunna a gabanta yana kallon bakinta. Ta ɗauki cokali, ta dube shi, ta ajiye. Ran nan ta ce masa da shi da Yaya bambancinsu gashin baki ne kawai. Ya ji zafin maganar, don ya san gaskiya ce.

Wata rana da azahar ya dawo daga gareji ya dafa dankali, ya farfasa shi da dafaffen ƙwai da 'yar madara, ya matsa lemun tsami. Bai ma yi niyyar ba ta ba, ya gaji da mayar da faranti. Ya zauna a falo kusa da ita zai ci abinsa, sai wayarsa ta yi ƙara. Wani mai mota ne da ya rantse an canza masa batir. Injiniya ya fita waje yana bayani, maganar ta yi tsawo, har sai da aka haɗa shi da matar mutumin ita ma ta faɗi nata. Da ya dawo abincin ya huce, kuma gefe guda na farantin ya yi rami. Cokalin roba yana kwance a kai. Malama ta zuba wa talabijin ido kamar labarin farashin taki ya shafe ta.

Ya zauna a hankali. "Malama, ɓera ya shigo gidan nan ne?"

"Dubawa na yi in ga abin da kake cusa wa cikinka," in ji ta, ba ta ko juyo ba. "Gishiri bai ji ba. Dankalin ma da saura."

"To gobe sai a sake dubawa."

"In na ga dama."

Ya ci sauran yana jin kamar ya tashi ya taka rawa, amma ya danne, har da ɓata fuska wai an rage masa abinci.

Tun daga wannan rana, kiran waya ya yi wa Injiniya yawa. Da ya ajiye ɗan faranti a gefen kujerarta, ko kofin yogot a bakin taga, ko yankakkiyar kankana mai sanyi kusa da rediyo, sai ya tuna akwai wanda zai kira. Mai faci ne ya sha wahalar abin. Mutumin yana tsakiyar aiki za a kira shi a tambaye shi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, da ra'ayinsa game da tayoyin zamani. Da ya gane dalili sai ya riƙa ajiye wayar a kan benci ya ci gaba da facinsa, Injiniya yana ta zuba shi kaɗai. Malama kuwa ta san komai, ba yarinya ba ce. Amma wasan ya yi mata, don ya ba ta damar ta ci loma biyu ta bari ba wanda ya yi tagumi. In ya dawo takan ba shi sakamako kamar ɗan aji: wake ya yi ruwa, kifi ba laifi, a ƙara ƙoƙari.

Asiri ya tonu ranar da Yaya ta dawo ɗaukar jakarta da ta manta, ta tarar da ƙanwarta da rabin ƙwai a hannu, ga kofin madara a gefe. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi Malama, ta dubi Injiniya da ya shigo da waya a kunne. Ya shirya jin faɗa, har ya fara sunkuyar da kai. Sai ya ga Yaya ta zauna a hannun kujera, hawaye na zuba. Ta ce ita ta zauna da mahaifiyarsu har ta cika, ba ta iya yi mata komai ba, yanzu kuma ga wannan, ita abin da ta ji an ce yana taimako shi take yi, amma an mayar da ita dodo a gida ana ɓoye mata abinci.

Malama ta ajiye ƙwan ta kama hannunta.

"Yaya, ba wanda ya kai ki sona, na sani. Amma ganyen nan ba ya zama a cikina. Wannan yana zama."

Yaya ta share fuska ta ce to ita ma za ta je ta ga wannan likitar da idonta. Ranar komawa kuwa ta riga kowa shiga mota, da kwalbar koren ruwanta a jaka.

Aka ɗora Malama a sikeli. Injiniya ya kasa kallo, ya tsaya yana karanta wata sanarwa a bango game da wanke hannu. Nas ta ce nauyin ya daina sauka, har ya ɗan motsa sama. Jini ma ya taso, za a yi ɗurin. Malama tana kan kujerar ɗuri, Yaya ta ja Injiniya har ofishin ƙarshen baranda, ta dire kwalbar a kan tebur. Likitar abinci ta tashi ta ba ta kujera, ta saurare ta har ta gama, ba ta katse ta ba. Sannan ta ce ganye abu ne mai kyau, kada a daina, sai dai a dafa shi da kifi da ɗan mai da gishiri don ya yi daɗi ya kuma riƙe ciki. Kwalbar kuma ta roƙi a ajiye ta har a gama magani, don ba a san yadda za su yi da juna ba. Ta ƙara da cewa mai jinya irin Yaya ba kowa ke samu ba. Yaya ta fito tana cewa yarinyar tana da tarbiyya, daga gani gidan mutunci ta fito.

Da yamma ta zagaya bayan gida ta tsaya a kansa yana gyaran kifi. Ta kalla na ɗan lokaci, ta ce wannan ba girki ba ne, fashin inji ne, ya matsa. Daga ranar suka raba aiki ba tare da an zauna an raba ba: kifi da miyar ganye nata, ƙwai da dankali da wake nasa, Malama kuma tana taga tana ba kowa laifinsa. Masu kawo kuloli aka roƙe su da girmamawa su koma kawo ɗanyen kaya. Firji ya cika da ayaba da lemu da ƙwai, bel ɗin Injiniya ya fara komawa tsohuwar hudarsa.

Ba kullum ake samun nasara ba. Kwanakin farko bayan kowane ɗuri, akwai ranar da ba abin da ke shiga sai ruwan citta da ƙanƙarar da take tsotsa. A irin ranakun ya koyi ɗauke faranti bai ce uffan ba, ya dawo ya zauna yana ba ta labarin masu motoci da ƙaryar da suke yi wa bakanike. In kwana biyu suka wuce ta ce a miƙo mata burodi, sai gida ya sake motsi.

Can wajen tsakiyar maganin bakinta ya yi gyambo, har taunar ayaba ta zama aiki. Aka ba ta maganin kurkure baki, aka ce a bar lemun tsami da duk abu mai yaji, a koma mai laushi da sanyi. Auta ta bugo ta ce Abbanta ya sayi bilenda, injin markaɗe, ita za ta koya masa ta waya. Ya sayo, ya karanta takardar cikin kwalin tun daga farko har ƙarshe, ya ce injin ba wani abin kirki ba ne, ƙaramar fanka ce mai wuƙa. Aka jingina wayar da gwangwanin madara don Auta ta riƙa gani, Malama ta zauna a bakin ƙofar kicin tunda wannan ba shi da wari, Yaya ta tsaya a kansa tana sa ido. Ya zuba ayaba da madara da yogot da niƙaƙƙiyar gyaɗa, ya ɗora murfi. Auta tana cewa, "Abba, ka danne murfin," shi kuma ya riga ya murɗa makunnin har ƙarshe.

Murfin ya yi sama. Abin da ke ciki ya bi shi. Silin ya samu, bango ya samu, gilashin wayar ya rufe, amma Yaya ce ta kwashi kaso mafi tsoka, tun daga ɗankwali har gira. Ba ka jin komai sai muryar Auta daga cikin madara tana tambaya me ya faru, ita ba ta ganin kowa. Yaya ta sa yatsa ta lakato daga kumatunta, ta ɗanɗana, ta ce gyaɗar ta yi yawa.

Malama ta fara dariya. Ta riƙe kumatu saboda zafin baki, tana cewa su bari don Allah, amma ta kasa tsayawa, har hawaye. Yaya ta kama, Auta ta kama daga can ba ta ma san dalili ba. Injiniya yana tsaye da ayaba a gashin baki, yana kallon matarsa tana dariyar da ya kwana biyu bai ji ba, ya ji ko silin ɗin gaba ɗaya ne ya faɗo ba asara. Aka sake haɗawa, wannan karon Yaya ta danne murfin da hannu biyu. Malama ta sha rabin kofi da tsinken shan lemo, ta huta, ta shanye sauran.

Abin ya karɓe ta ƙwarai. Har takan tafi da shi asibiti a 'yar kwalba, tana kurɓa ana ɗuri. Wata dattijuwa da ke zama a kujerar kusa da ita ta tambayi yadda ake yi, Malama ta ce ta tambayi mai gidanta, shi ne gwani, sai dai ta tsaya nesa in zai kunna. Tun daga lokacin ba a sake ɗaga mata ɗuri ba har aka gama.

Bayan ɗurin ƙarshe da 'yan makonni suka koma ganin likita, su uku. Ya duba hotuna da sakamakon jini, ya ce ba ya ganin komai da zai tayar da hankali. Akwai ƙwayoyin da za ta ci gaba da sha, kuma za ta riƙa zuwa ana dubawa, amma mai wuyar ta wuce. Yaya ta yi ta hamdala har bakin mota. Malama ta ce ita makaranta take tunani, ko wa ya lalata mata rubutun yara.

Sun yi nisa a hanyar gida, daidai wata mararraba mai cunkoso, motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Injiniya ya murɗa makulli, shiru. Ya sake, shiru. Wasu masu wucewa suka taya shi tura ta gefen titi. Ya buɗe bonet ya cusa kai, Yaya daga baya tana cewa abin kunya, mutum yana gyara na mutane tasa tana mutuwa a titi. Ya yi kamar bai ji ba, yana taɓa wayoyi.

Malama ta sauke gilashi ta leƙo.

"Injiniya, in gyaran nan zai daɗe ka faɗa min. Yunwa nake ji."

Ya ɗago da sauri har kansa ya bugi bonet. Ya zagayo yana shafa wurin, ya ce me ta ce, bai ji ba.

"Ba na maimaita wa wanda ba ya saurare," in ji ta. Sannan ta nuna tsallaken titi da haɓa, inda hayaƙi ke tashi daga wani gidan abinci. "Kaza suke gasawa a can. Tun ɗazu ƙamshin ke damuna. Ka ce su gasa ta sosai."

Ya bar bonet a buɗe, ya bar sifana a kan inji, ya tsallaka titi ba tare da ya jira motoci sun tsagaita ba, har wani direba ya leƙo ya zage shi, shi kuwa ya ɗaga masa hannu yana murmushi. Ya tsaya a kan mai gashin har kazar ta nuna ciki da waje, ya haɗo da burodi mai zafi da ruwan kwalba.

Suka buɗe ƙofofin motar don iska, suka shimfiɗa takardar a tsakanin kujeru. Malama ta wanke hannu ta ciri cinya, ta ci, ta ce gishiri ya ji, ta ciri ta biyu. Yaya ta buɗe baki za ta ce a yi a hankali, sai ta fasa, ta tura mata burodin. Suna cikin haka wani mai a-kori-kura ya taka burki a gabansu, ashe tsohon mai kawo wa Injiniya gyara ne. Ya yi dariya har ya gaji, sannan ya fito da igiya ya ɗaura.

Haka aka ja su zuwa gida a hankali, Injiniya yana riƙe da sitiyarin motar da ba ta da rai, Yaya ta kira Auta tana ba ta labarin likita da na mota a haɗe. Malama kuwa ta jingina da kujera tana tsotsar ƙashi, tana kallon shaguna suna wucewa, tana faɗa masa abubuwan da za a sayo gobe a kasuwa.